Yadda za ka ɗauki fim a kan gubar da ido ba ya gani

Kyamara ba ta ganin tururin yuraniyom. Idan ka kafa ta a Akokan, kusa da Arlit a arewacin Nijar, rairayi za ka ɗauko, da yara suna ƙwallo, da akuya tana cin kwali. Tulin sharar da mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta bari bayan an rufe ta a Maris 2021, kimanin tan miliyan 20, a hoto tudun ƙasa ne kawai.

Saboda haka kafin kyamara, nemi na'urar Gaiga, wadda ke yin ƙas-ƙas-ƙas idan ta ji tururin. Manna mata makirufo, don wannan ƙarar ita ce za ta tayar wa mai kallo tsigar jiki. Amma fara aunawa can bayan gari, wuri mai tsabta, ka ɗauki lambar a kyamara. Ni na manta da haka a tafiyata ta farko. Na dawo da lambobi cike da littafi, babu abin da zan kwatanta su da shi, wahalar kwana uku ta tashi a banza. Abin da ya tayar da hankali a binciken ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace na 2009 kwatanci ne: a wasu wurare a titunan Akokan tururin ya ninka yadda aka saba har sau 500.

Leƙa kasuwar 'yan gwangwan. A can ne binciken ya samu gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa.

Tsoffin ma'aikata kuwa, kada ka je musu da kyamara ranar farko. Yi sallama, zauna, sha shayi har kofi na uku. Kashegari sai ka ce, "Baba, yaushe tarin nan ya fara?" Ka yi shiru ya ƙarasa. Kada ka sa masa magana a baki wai yuraniyom ne ya jawo masa ciwon. Wannan aikin likita ne da ɗakin gwaji, irin na CRIIRAD da ke Faransa, inda ake kai ƙasa da ruwa a auna. Wanda ɗansa ke cin abinci a ma'adinai, rufe masa fuska, ka sauya muryarsa, ko da ya ce ba komai.

Sa takunkumi, kada ka ci abinci kusa da tulin, ka wanke takalmanka kafin ka shiga masauki. Ka kuma ware rana ɗaya ka jira iska ta taso, ka tsaya daga gefen gidaje, ka ɗauki ƙurar tana nufo su.