Rikoda a Gida, Ajiya a Intanet, ko Raba Ƙafa: Kurakuran Masu Sa Kyamarar Tsaro a Karkara

Masu injin casar shinkafa a Kura da Bunkure, masu siton hatsi a Gujungu, gidajen mai na hanyar Haɗeja, masu gonar kaji a wajen Wudil, kowa yanzu kyamara yake sawa. Ana ciniki a kan yawan kyamarori da kyan hotonsu, amma ba a cika tambayar inda hoton zai kwana ba, alhali nan ne asarar take. Hanya uku ce. Ko dai a ajiye rikoda da faifan ajiya a cikin ginin, ko kyamara ta riƙa tura hoto ta intanet zuwa kwamfutocin wani kamfani da ake biya duk wata, wanda masu sayarwa ke ce wa kilawud, ko kuma a raba ƙafa: cikakken hoto a gida, muhimman guntaye a intanet. Ga mafi yawan wuraren sana'a na karkarar Kano da Jigawa ta ukun ce ta fi dacewa, amma ita ma ana yawan ɓata ta.

Dogaro da intanet kaɗai ba tare da lissafin data ba

Mai sayarwa zai ce maka ba ruwanka da rikoda, ko ɓarawo ya fasa kyamara hotonsa ya riga ya tafi. Gaskiya ne, in akwai sabis ɗin da zai ɗauke shi. Ga lissafin. Kyamara mai megafiksel 2 tana fitar da wajen megabit 2 a daƙiƙa. A yini da kwana hakan ya kama GB 21 da ɗoriya, a wata kusan GB 650. Kyamara takwas kuwa sun haura GB 5,000 a wata, kuma suna buƙatar layin da zai riƙa tura megabit 16 a daƙiƙa ba tsayawa. Babu layin waya na ƙauye da zai jure wannan, kuma tsarin datar da ake tallata cewa ba ta ƙarewa yana da iyakar da in ka wuce ta ake rage maka gudu.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne ganin bidiyo yana buɗewa da sauri a Facebook. Wannan saurin saukewa ne, kyamara kuwa turawa take yi, kuma saurin turawa galibi ya fi ƙanƙanta. A gwada shi a daidai inda za a kafa kayan, da layin MTN da na Airtel da na Glo, sau uku: da hantsi, bayan magariba, da ranar kasuwa, lokacin da jama'a suka taru a kan turken sabis ɗaya. Sakamakon da ya fi rauni shi za a yi aiki da shi.

Sabis kuma yana ɗaukewa gaba ɗaya. Man janaretan turken na iya ƙarewa. A 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatar kyamara. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta yi kwanaki cikin tangarɗa. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam wadda ta fara aiki a Najeriya a 2023, tana magance matsalar turke, sai dai kwanonta na cin wuta kusan yadda kyamara takwas ke ci, ga kuɗin wata.

Inda ajiyar intanet kaɗai ke da ma'ana shi ne ƙaramin wuri, kamar shagon POS ko kemis mai kyamara ɗaya ko biyu da ke tura hoto sai an yi motsi. Ko a nan a sa katin memori a ciki.

Ajiye rikoda a kan teburin manaja

Wannan shi ne babban laifin masu ajiya a gida. Da safe a buɗe ofis a tarar da talabijin ɗin na nan a bango, kebura takwas na reto, a kan teburin kuma ga shacin inda akwatin yake, ƙura ba ta taɓa wurin ba. Ɓarawon da ya san gida rikoda yake fara nema, kuma sau da yawa ya san gidan. Gyaran shi ne a raba rikoda da allon kallo: allo a ofis, rikoda a wani ɗaki cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo da aka ɗaure da bango, a ja kebur tsakaninsu ta cikin bututu. In akwai tsohuwar rikoda da ta mutu, a bar ta a kan teburin da 'yan kebura a jikinta. Waɗanda suka san inda ta gaskiyar take kada su wuce biyu.

Sai dai wajen ɓoyewar ma ana kuskure. Wasu kan cusa ta a silin, ƙarƙashin kwano. A Afrilu, inuwa ma na haura digiri 40, balle cikin silin. Faifan zai fara ƙara, rikoda ta riƙa kashe kanta da azahar. Akwatin ya zama mai huji sama da ƙasa, a ɗaki mai iska, nesa da inda buntun shinkafa da ƙurar injin ke tashi. A buɗe a hure fankar duk wata, lokacin hunturu kuma duk mako biyu.

Faifan da bai kai ranar ƙirga ba

Satar sito ba kullum ake fasa ƙofa ba. Buhu biyu yau, uku jibi, sai ranar ƙirgar ƙarshen wata a ga giɓi. A je rikoda a tarar hoton kwana goma sha ɗaya kawai ya rage, don faifan TB 2 ne, wato wajen GB 2,000, kyamara takwas kuma na cin wajen GB 170 kullum, sabo na goge tsoho. Ka'idar ita ce ajiya ta fi tazarar da ke tsakanin ƙirga da ƙirga. Mai ƙirga duk wata na buƙatar aƙalla TB 6 a wannan lissafin, ko ya kunna H.265, tsarin matse bidiyo wanda ke rage nauyin hoto kusan rabi in an kwatanta da tsohon tsarin H.264, ya kuma sa kyamarorin cikin sito su ɗauka sai an yi motsi. Ta bakin ƙofa da ta kan sikeli kada a taɓa su, su yi ta ɗauka.

Faifan ma iri-iri ne. Na kwamfutar tebur, musamman na hannu da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, ba a yi shi don rubutu dare da rana ba. A nemi wanda aka ƙera don kyamara, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, a duba lambarsa kafin a rufe akwatin. Rikoda da yawa ba sa zuwa da faifai a kwali, kuma za su nuna hoto tangaran a allo ba tare da sun ajiye komai ba. Duk Juma'a a koma hoton daren jiya a gani ko yana nan.

Wuta

Duk tsarin da ka zaɓa, in wuta ta ɗauke ya mutu, ɓarawo kuma ya san lokacin da ake kashe janareta. Kyamara ɗaya da fitilarta ta dare na cin wajen wat 7, rikoda da faifai wat 15, rauta, wato na'urar raba intanet, wat 10. Na kyamara takwas ya tashi wajen wat 80. Daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, awa 14 ke nan, ana buƙatar wat-awa 1,100 da ɗoriya. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, amma rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, inbata kuma na cin nata. Saboda haka guda ɗaya da ƙyar zai kai asuba; biyu ake so, da faranti na sola wajen wat 600, a riƙa goge su in hazo ya sauka. Layin kyamara ya zama nasa shi kaɗai. Da zarar an jona firij da cajin wayoyin unguwa, lissafin ya rushe.

Ɗauke-ɗauken wuta na jawo wata matsala da ba a lura da ita. A cikin rikoda akwai ƙaramin batir irin na agogo. In ya mutu, kwanan wata zai koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kunna, kuma hoton da ke ɗauke da kwanan wata na bogi yana da wuyar nema, yana da sauƙin musantawa a gaban alƙali.

Ɗaukar kallo a waya a matsayin ajiya

Nan ne masu raba ƙafa suka fi faɗawa. Alhaji na zaune a Kano yana kallon sitonsa na Ringim ta manhajar waya ta Hik-Connect ko DMSS, sai ya ɗauka hotonsa na intanet. Ba ya can. Manhajar leƙe kawai take ba shi zuwa cikin rikodar da ke sito. In aka ɗauke rikodar, wayar ba za ta nuna komai ba, na jiya da na yau duka. Ajiya a waje abu ne daban da ake kunnawa, galibi kuma ana biya.

Raba ƙafa na gaskiya hawa uku ne. Rikoda na ɗaukar komai. Kyamarori biyu ko uku masu muhimmanci, ta ƙofar shiga, ta wajen kuɗi, ta ƙofar sito, kowacce na da katin memori mai jure yawan rubutu. Na GB 128 zai riƙe kusan kwana shida. Sannan waɗannan ɗin dai suna tura hoto ko guntun bidiyo na daƙiƙa 20 zuwa 30 waje duk lokacin da mutum ya gitta, daga tashi aiki zuwa safiya. Wannan ba ya cin data sosai. Kallo a waya kuma a bar shi a ƙaramin hoto, wanda ke cin wajen MB 200 a awa, a buɗe babban sai da dalili.

Abin da ke kashe tsarin shi ne ƙararrawar banza. In aka bar kyamara tana kai rahoton kowane motsi, akuya ta wuce saƙo, reshen darbejiya ya kaɗa saƙo. Fitilar dare na jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, zare ɗaya na yana a gaban gilashi ya zama farin layi mai rawa a allo har gari ya waye. Kwana kaɗan mai gida zai kashe sanarwar, data kuma ta ƙare a kan ƙwari. A sayi kyamara mai bambance mutum da dabba, a zana mata layi a bakin ƙofa, a kafa fitila dabam nesa kaɗan don ƙwarin su koma can, maigadi kuma ya riƙa share gilashin da tsumma a kan sanda.

Kafin a sallami mai haɗawa a yi gwaji biyu. A cire layin intanet na minti goma, a zagaya gaban kyamara, a duba ko rikoda ta ɗauka. Sannan a mayar da intanet, a wuce ta ƙofa, a zare rikodar gaba ɗaya daga wuta kamar yadda ɓarawo zai yi, a duba waya. In babu hoton wucewarka, ajiya a gida kawai aka sayar maka.

Kuɗin wata da mabuɗin da ke hannun wani

Yawancin kamfanonin ajiyar intanet da dala suke lissafi, kuma kowace kyamara da kuɗinta. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. A kwatanta kuɗin shekara uku, ba na ranar saye ba: a gefe ɗaya kuɗin wata da data, a ɗaya gefen rikoda da canjin faifai da batir. A kuma tambaya, in na daina biya, kyamarar za ta yi aiki da wata rikoda? Wadda ke da ONVIF, ƙa'idar da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, za ta yi. Wasu kuwa sai dai a rataye su don tsorata yara.

Mai haɗawa kan buɗe asusun da lambar wayarsa, don ya fi masa sauri. Ranar da kuka saɓa, ko ya koma Abuja, shi ke da kyamararka. Asusu ya kasance da lambarka, ka canza kalmar sirri da hannunka, ka ba manaja da maigadi izinin kallo kawai, ban da gogewa. Barin kalmar sirrin da kaya suka zo da ita shi ya ba manhajar ɓarna ta Mirai damar kame dubban kyamarori da rikodoji a 2016.

Kebur da inda kyamara ke kallo

Keburin intanet mai ɗauke da wutar kyamara ba ya wuce mita 100. Mai araha da ke kasuwa sanholo ne aka yi wa fentin tagulla. Kankare shi da wuƙa, in fari ya fito, a bar shi, don da dare in fitila ta kunna kyamarar nesa za ta riƙa mutuwa. Tsakanin gini da gini kada a ja kebur a sama, tsawar damina ɗaya ta isa ta ƙone rikoda. A bi ta ƙasa cikin bututu da abin kare tsawa, ko a yi amfani da keburin gilashi.

Kyamara mai megafiksel 2 tana gane fuska ne in faɗin abin da take kallo bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Wadda aka ɗora a kan tankin ruwa tana kallon duk fili, hula da riga kawai za ta ba ka. Ta ƙofa ta tsaya a mita biyu da rabi zuwa uku, kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye. A kuma duba abin da ke bayan katanga: kyamarar da ke hango tsakar gidan maƙwabci, inda matan aure suke, za ta kai ka gaban mai unguwa, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A sunkuyar da ita, ko a rufe wannan ɓangaren da baƙin akwati daga cikin saitin rikoda.

Mai son ƙara makullin lantarki a ƙofar sito ya tabbatar na'urar na riƙe sunayen ma'aikata a cikinta, ba sai ta tambayi intanet ba. Makullin maganaɗisu yana sakin ƙofa da zarar wuta ta ɗauke, don haka sai da batir nasa da kwaɗon ƙarfe a kai. Na'urar yatsa kuma tana yawan ƙin hannun 'yan dako da ya sha buhu; kati ya fi musu.