Ga masu jan ragamar labari a teburinmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai ja mana wasan tebur na ba da labari mai suna Dungeons & Dragons da labarin da aka riga aka buga, kada ya wahalar da kansa da haddar littafin. Karanta farko da ƙarshe, ka gane abin da mugun da ke cikin labarin yake nema, sannan ka shirya zama ɗaya kawai a takarda guda: sunaye, wurare, da sirri biyu ko uku da 'yan wasa za su tono.

Abin da ya fi yi mana amfani a nan Birnin Kebbi shi ne sauya wa labarin riga. Inda littafi ya ce a haɗu a mashaya, ni teburin mai shayi nake sawa, ko tashar kwalekwale. Tsohon gidan sarki ya koma kufai mai ganuwa irin na Surame, birnin Kanta, dodon tafki kuma ya tare a kogi irin na Argungu. Ranar da na fara haka, har mai kunyar cikinmu ya buɗe baki.

Yawanci don mutum huɗu ko biyar ake tsara faɗan da ke cikin littafin. In ku uku ne, rage dodanni. Taswira kuma a zana ta a kwali tun da rana, saboda ɗauke wuta.