Yadda zaka raya tumbin ɗan maraƙi tun daga ranar haihuwa

Jama'a wanga abu ya daɗe yana damuna, ga mu Sakkwato gidan gudali amma maruƙa sai mutuwa suke da zawo, mafi yawa kuma matsalar daga ciki take. Saniya ba ita ke narka ciyawa da kanta ba, wasu ƙwayoyin halitta ne da ido baya gani suke zaune cikin tumbinta suna mata aikin. Shi ko maraƙi ana haihuwarsa tumbin ƙarami ne, ba komai ciki. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, a jariri na ƙarshen kaɗai ke aiki, in yana tsotso nonon ma kewaye tumbin yake ya wuce can kai tsaye.

To abu na farko dakashi. Ka tabbata ya sha shi cikin awa 6 na farko, kuma ya ƙoshi, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, don bayan awa 24 hanjinsa ya rufe baya ɗaukar garkuwar dake ciki. Mu mun taɓa yin wannan kuskure, uwar ta ƙi tsayawa munka ce bari sai da safe, cikin mako guda maraƙin ya kama zawo, idonsa ya faɗa, jela duk ta jiƙe, haka munka rasa shi, wallahi har yau ina jin abin. In uwa ta ƙi ka tatsa ka bashi da kwalba.

Sannan ka bar uwar ta lashe shi. Daga bakinta da hantsarta da ƙasar garke ƙwayoyin farko ke shiga cikinsa, wasu ma sai yana cuɗanya da manyan shanu yake samunsu. Amma turken ya zama busasshe, kar ya kwana cikin taɓo da kashi.

Daga kwana 3 ajiye masa ruwa mai tsabta a roba. Mutane na cewa ai yana shan nono me zai yi da ruwa, to nonon baya zama tumbi, ruwan da ya sha da kansa shi ke sauka can, kuma ƙwayoyin nan basa rayuwa sai da ruwa, balle zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40.

Cikin makon farko fara sa masa dusa da ɗan barzajjen hatsi, cikin tafin hannu ma ya isa, in ya gama tsotso ka goga masa a baki. Hatsin nan in ya yi tsami cikin tumbi shi ke sa ƴan tsirgunan nan su fito, irin waɗanda kake gani jikin tumbi wajen mahauta kamar tawul, da su yake tsotse abinci. Ka ƙara da harawa mai laushi kaɗan.

Don Allah a daina rugawa kemis sayo teramisin da an ga kashi ya yi ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, baya tantance ƙwayoyi masu amfani da masu cuta. Fara da ruwan gishiri da sukari, kar ka hana shi nono, in ya ƙi tashi ko ya daina tsotso ko ka ga jini kira likitan dabbobi.

Yaye kuma kar ka bi lissafin wata. Sai ka gan shi kwance yana tuƙa, yana cinye dusarsa kullum, sannan ka riƙa rage nonon sannu sannu cikin mako ɗaya zuwa biyu.