Darasi na 9: Kano zuwa Abuja a jirgin sama, awa nawa ne?

To jama'a, yau ma lissafi ne, amma na tafiya. Da yawa a ajin nan in aka ce jirgin sama sai hankalinsu ya tafi Makka, alhali akwai masu hawa da safe daga Kano su je Abuja su gama abin da ya kai su, su dawo su yi sallar isha'i a gida.

Mu fara da nisa. A mota, in ka bi ta Zariya ka ratsa Kaduna, tafiyar ta haura kilomita 400, kuma kowa ya san awa biyar ko shida ce, wani lokacin ma fiye in hanya ba kyau. Shi jirgi ba ruwansa da kwana ko rami ko shingen bincike, miƙewa kawai yake yi, shi ya sa tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe a Abuja kusan kilomita 360 ne.

Yanzu kowa ya ɗauko biro. Babban jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kusan kilomita 800 a awa ɗaya. Rabin 800 nawa ne? 400. Ke nan a rabin awa zai ci kilomita 400, mu kuma tamu tafiyar 360 ce, ba ta ma kai ba. To amma in ka duba tikiti sai ka ga an rubuta kusan awa guda, ina sauran mintocin suka shiga? Ai jirgi ba ya zabura da gudun 800 daga inda yake tsaye, sai an rufe ƙofa ya ja jiki a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage, ya hau sama, kafin ka gama shan ruwan da aka miƙo maka ya fara saukowa yana rage gudu.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne rubutun tikitin. KAN Kano ke nan, ABV Abuja. Agogonsu kuma awa 24 ne, babu "na safe" ko "na yamma". In lambar ta wuce 12, cire 12: 14:30 ƙarfe biyu da rabi na rana ke nan. Wani ya taɓa ganin 07:00 ya ɗauka bayan magariba ne, ya iso da jakarsa jirgi ya tafi tun hantsi bai yi ba.

Kar kuma ka ce wa mai tarbarka "nan da awa ɗaya ina gidanka". Sai ka isa fili kamar awa biyu kafin tashi don auna kaya da bincike, in kun sauka ka jira jaka, filin Abuja kuma yana wajen gari, kusan kilomita 40. In lokacin hunturu ne hazo ya rufe Kano, sai haƙuri, jirgi kan yi jinkiri ko a soke shi gaba ɗaya.

Aikin gida: tikitinka ya ce 16:10, gidanka zuwa fili tafiyar minti 30 ce. Ƙarfe nawa za ka fita? Kano zuwa Legas a sama kusan kilomita 830 ne, da gudun 800 kusan awa nawa ke nan? Ku rubuta amsa da lamba, ku kuma rubuta da kalmomi.