Yadda ake ba ƙafar keke mai faifai iska ba tare da an karya bawul ba

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin tashin tseren keke da asuba ya ga wannan: mutum durƙushe a gindin ƙafar baya, hannu ɗaya a kan bawul, ɗayan yana laluben famfo, iska tana tsiyaya, shi kuma yana ta waige-waige ko Allah zai kawo mai taimako. Kusan kullum ƙafar tasa mai faifai ce, kuma kusan kullum ranar ce karon farko da ya gwada ba ta iska da kansa. Ni ma na yi wannan durƙuson, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ƙafa mai faifai ita ce wadda aka rufe ruf da kabon daga tsakiya har bakin rim, ba ka ganin wayoyi, domin ta yanka iska da sauƙi. Tun da ɗan tseren keke na Italiya Francesco Moser ya hau irinta a birnin Meziko a 1984 ya yi kilomita 51.151 cikin awa ɗaya, ta zama abin so ga masu tseren agogo, masu zagayen fili, da masu gasar ninƙaya da keke da gudu. Matsalarta ɗaya ce: bawul ɗinta yana cikin wata 'yar taga da aka yanka a jikin faifan, kan famfo na yau da kullum kuwa ta sama yake sauka a kan bawul, kuma a nan babu sama, kabon ne. Dole iska ta shigo ta gefe, ta wani ɗan ƙarfe mai gwiwa da ake kira adafta. Ba zan tsaya bayanin yadda ake sa taya ko tub ba, wanda ya kai ga mallakar faifai ya wuce nan.

Fara da tsawon bawul

Rabin wahalar da mutane ke sha tun a wurin sayen tub suka saye ta. Wanda ya saba da rim mai zurfi yakan ɗauko tub mai bawul na milimita 60 ko 80, ya sa a faifai, sai bawul ya cike tagar har kansa ya kusa taɓa rufinta. Ta ina adafta za ta shiga? Idan kuma ya yi gajere da yawa, ɗan notin kan bawul kaɗai zai leƙo, robar adafta ba ta da abin kamawa. Yawancin faifai gajeren bawul suke so, wajen milimita 40 zuwa 48, amma kowane kamfani da faɗin tagarsa, don haka sa tub ɗin ka gwada adaftarka tun kafin ka rufe taya. Abin da kake nema shi ne jikin bawul ya fito kamar faɗin yatsa a ƙasan notin, kuma a sami sarari a samansa da adafta za ta wuce ba tare da an karkata ta ba. Ka zaɓi bawul mai sulɓi, wanda ba shi da zare a jikinsa. Mai zare yana cin robar adafta kamar zarto, kuma ni ban ga amfaninsa a faifai ba.

Adafta

Bawul ɗin keken tsere siririn nan ne mai milimita 6 da ake kira Presta, mai ɗan noti a kai. Adaftar faifai ɗan ƙarfe ne mai gwiwa: baki ɗaya yana da roba a ciki, shi ke hawa kan Presta, ɗayan bakin ya fito waje ta gefe, kuma galibi girman bawul ɗin mota ne, wato Schrader mai milimita 8. Duba taka da kyau, domin akwai masu bakin waje siriri irin na Presta. Mutane da yawa suna cusa bakin mota a ramin Presta na famfo suna mamakin me ya sa bai shiga ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ake dannawa kawai, roba ce ke riƙe ta, kuma ita ake yawan haɗo wa mutum da ƙafar. Akwai kuma mai ɗan hannu a gefe da ke matse robar ya kulle ta a jikin bawul, irin Hiro ta kamfanin Silca. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma wanda ya iya sayen faifai ya tsaya ƙyashin kuɗin abin da zai ba shi iska, to ya sayi doki ne ya ƙi sayen linzami. Ra'ayina a fili yake: sayi mai kulle ka ajiye a kan famfon gida, ka jefa ta dannawar a jakar ƙarƙashin sirdi. Duk da haka sauran bayanin nan a kan ta dannawa zan yi shi, tunda ita ce a hannun yawancin mutane kuma ita ke ba da wuya.

Tashi bawul daga barci

Kwance ɗan notin har ƙarshe, sannan ka danna kansa da yatsa sau ɗaya ko biyu har ka ji iska ta fita fit. Kada ka tsallake wannan ko da kana sauri. Presta ba shi da sifirin a ciki, ƙarfin iskar taya ne ke tura shi ya rufe, kuma idan ya kwana biyu a rufe robarsa takan manne. A cikin tagar faifai yatsa ba ya shiga da daɗi, to yi amfani da ɗan yatsanka ƙarami, kada ka sa filaya ko makulli.

Zaunar da adafta, inda kowa ke faɗuwa

Haɗa adafta da kan famfo tukuna, ka kulle, sannan ka nufi bawul. Masu koyo sukan yi akasin haka: su ɗora adafta a kan bawul, sannan su zo suna kokawar cusa kan famfo da ɗaga hannun kullensa. Duk wannan ƙarfin a kan ɗan siririn tsinken da ke riƙe da noti yake sauka, kuma tsinken nan bai fi kaurin allura babba ba. Sau ɗaya zai lanƙwashe, ka miƙe shi, karo na biyu ya karye.

Juya ƙafar har taga ta dawo ƙasa, bawul yana kallon sama. A haka tiyon famfo yana kwance a ƙasa, nauyinsa ba ya jan adafta gefe. Idan tayarka marar tub ce mai ruwan like huji a ciki, kada ka kai ta ƙasa sosai, tsayar da ita kamar inda ƙarfe 4 ko ƙarfe 8 suke a fuskar agogo, don kada ruwan ya taru a bakin bawul ya toshe shi. Jiƙa robar adafta da ɗan ruwa, ko yawu, ba abin kunya ba ne. Shigar da ita cikin tagar a miƙe, ta tsaya daidai saman bawul, sannan ka danna ƙasa da babban yatsa a kan gwiwar kanta, ba a kan bakin da ya fito waje ba. Danna wajen shi ke karkata ta.

Zurfin da za ka kai ta shi ne sirrin abin. Robar sai ta wuce noti ta kama jikin bawul sosai. Idan ta tsaya a sama-sama, za ka fara bugu lafiya lau, sai allurar gejin famfo ta kai wajen psi 60 ko 70 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) adafta ta yi tsalle ta fita da ƙara kamar an harba bindiga. Idan ka danna ta har ƙurya, rufin cikinta zai taɓa kan bawul ya buɗe shi, iskar taya ta dawo cikin tiyo. Wannan ba laifi ba ne muddin babu inda ke yoyo, har ma geji zai nuna maka ainihin abin da ke cikin taya, amma in akwai yoyo kaɗan, kana kallo taya za ta sace gaba ɗaya.

Sai maganar riƙewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idan da mutum a kusa, ka riƙe adafta shi ya buga, an gama. Idan kai kaɗai ne, jingina keken da bango, jawo famfo dab da ƙafar, taka gindinsa, hannun hagu a kan gwiwar adafta, hannun dama a tsakiyar mariƙin famfo, ka sauke nauyin ƙirjinka a kai. Ba kyan gani, amma yana yi. Idan kan famfonka mai rami biyu ne kuma ka ji iska tana fita ta ramin da ba ka amfani da shi, toshe shi da yatsa a bugun farko har ya kama.

Ƙaryar geji

Gejin famfo iskar da ke cikin tiyo yake aunawa, ba ta cikin taya ba. Su biyun ba sa zama ɗaya sai a lokacin da bawul yake buɗe. Wanda bai gane wannan ba, geji zai yi masa ƙarya iri biyu.

Ta farko ita ta kama ni. Ranar wata gasa na ɗora adafta, na buga sau biyu, allura ta haura 100, na ce madalla, ashe tayar ba ta sauka ba cikin dare. Na cire na tafi. Ban yi nisa ba na ji bayan keken yana lilo a kwana, rim yana neman taɓa ƙasa. Bawul ne ya manne, iskar duk a tiyo ta tsaya, ko ɗigo bai shiga taya ba. Ka'idar ita ce: idan allura ta yi sama da gudu cikin bugu ɗaya ko biyu kuma mariƙin ya yi tauri kamar dutse, tsaya. Cire, danna bawul, sake zaunar da adafta. Taya mai milimita 25 da ta sace tana cin bugu 20 ko fiye kafin ta cika, kuma allura a hankali take hawa. Kasa kunne ma, za ka ji ɗan ƙas a kowane bugu, ƙarar bawul ce yana buɗewa.

Ta biyu ta fi haɗari. Robar adafta ta tsufa tana yoyo kaɗan, kana bugawa allura ta hau, kana sakin hannu ta zube ƙasa. Mai koyo ya ɗauka taya ba ta cika ba, ya ci gaba da bugu, alhali iska tana shiga, bawul yana rufewa a bayanta, abin da ke zubewa na tiyo ne kawai. Haka ake wuce iyakar rim ba a sani ba. A irin wannan hali, lambar da za ka yarda da ita ita ce inda allura ta tsaya cak a ƙarshen bugu a hankali, kafin ta fara sauka. Sannan ka matsa tayar da babban yatsa, ka kwatanta da ta gaba wadda ka tabbatar da iskarta. Robar kuma ka canza ta, ana sayar da ita daban, kuma ita ce abu mafi araha a jikin keken duka.

Nawa za a sa?

Duba lambar da aka rubuta a jikin rim da wadda ke jikin taya, ka bi ƙaramar. Wani lokaci da ma'aunin bar ake rubutawa: bar ɗaya daidai yake da kusan psi 14.5. Rim marar ƙugiya a bakinsa iyakarsa bar 5, wato psi 72.5, kuma wuce wannan yana iya sa taya ta fice. A kan titi, taya mai milimita 25 da tub tana zama lafiya tsakanin psi 80 da 95 gwargwadon nauyin mahayi. Masu zagayen fili na katako da tayar da ake mannawa da gam suna wuce bar 10, amma wannan duniyarsu ce daban. Tsohuwar al'adar cika taya har ta zama kamar ƙarfe ba ta ƙara gudu a titi mai gargada, tsalle kawai take sa keke. Idan keken zai jira a rana bayan ka ba shi iska da sanyin safiya, rage kaɗan, domin ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara kusan psi 3. Mai tub na latas, wato robar latex, kuma ya san cewa kowace safiya sai ya sake bugawa, cikin dare ɗaya yake sauka.

Cirewa da sauran

Ɗaga adafta sama a miƙe da yatsu biyu a ƙarƙashin gwiwarta, da sauri, ba murɗawa. Fashewar iskar da za ka ji ta tiyo ce, kada ka sake ɗorawa don ka duba. Ɗaure noti da yatsa, rufe tagar da sitikar da ta zo da ƙafar, ko faffaɗan salatif idan ta ɓace.

Don faci a hanya, 'yar kwalbar iskar gas ta CO2 mai giram 16 ta ishi tayar tsere, amma kanta ma ba ya shiga tagar, sai da adafta. Haɗa su a gida ka ƙona kwalba ɗaya don gwaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfen yana yin sanyi har ya kama fata, sa safar hannu ko ka naɗe shi da tsumma, ka saki iskar kaɗan-kaɗan don kada ta tunkuɗe adafta. Tub ɗin da ke jakarka shi ma ya zama mai gajeren bawul. Idan ka dawo gida ka sace CO2 ɗin ka sake cikawa da famfo, don yana tserewa ta jikin roba fiye da iskar gari.