Yadda Ake Ƙera Jirgin Gajeren Zango Mai Ƙarancin Ƙara

Mai son ƙera jirgin fasinja da zai riƙa sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ba tare da ya hana mazauna unguwannin kewaye barci ba, sai ya fara da inji, domin mafi yawan ƙarar tashi daga nan take fitowa. A faɗaɗa fankar gaba, a rage saurin juyawarta, yadda yawancin iska za ta bi ta gefe a hankali maimakon ta ratsa ɗakin ƙona mai. Haka aka yi wa injin Pratt & Whitney na Airbus A220, inda aka sa giyar rage gudu tsakanin fanka da tabain (ɓangaren injin da ke juya fankar), kuma iskar gefe ta ninka ta tsakiya kusan sau 12. Sannan a lulluɓe cikin murfin injin da faranti mai ƙananan huda, wanda ke shanye sauti.

Lokacin sauka kuwa, tayoyi da fiffiken da aka buɗe su ne ke kuka, abin da sau da yawa ake mantawa da shi. Wasu ramukan tankin mai a ƙasan fiffiken jirgin Airbus A320 sun daɗe suna fito kamar sarewa, har aka manna ɗan ƙaramin ƙarfe a gabansu, fiton ya ɗauke. Daga nan sai a gwada jirgin da ma'aunin ƙara na Babi na 14 na ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya.