Kurakuran da aka fi yi wajen saita injin watsa taki na bayan tarakta

Aibin injin watsa taki ba ya bayyana ranar da aka yi aikin. Sai bayan mako biyu ko uku za ka tsaya a bakin gona ka ga amfanin ya fito layi-layi: nan kore shar, can ɗorawa-ɗorawa, kamar an shimfiɗa tabarma mai zane. A lokacin taki ya riga ya narke, babu yadda za a yi a kwashe shi a sake rabawa. Galibi kuma injin lafiyarsa lau, saitin ne aka yi da ka.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lambar da ke jikin hannun buɗe ƙofar taki a matsayin kilo. Lambar nan faɗin ƙofa kawai take nunawa, ba ta san abin da ka zuba a mazubi ba. Lita ɗaya ta yuriya nauyinta wajen kilo 0.75 ne, ta NPK kuwa tana kai kilo ɗaya ko ta ɗan wuce. Girman ƙwaya, santsinta da laimar da ta sha duk suna sauya yadda take zubowa. Saitin da ya yi maka daidai bara da wani taki zai iya yi maka ɓarna bana da wani, ko da rubutun jikin buhun iri ɗaya ne. Jadawalin da kamfanin injin ya bayar wurin farawa ne, awo ne ke tabbatar da shi.

Awon ba shi da wuya. Ka ninka kilon da kake so a hekta da faɗin watsawa a mita, ka ninka da gudun tarakta a kilomita cikin awa, ka raba da 600. Amsar ita ce kilon da ya kamata ya zubo a minti ɗaya. Misali kana son kilo 200 a hekta, faɗi mita 12, gudu kilomita 8: amsa kilo 32 ke nan a minti. Idan injin mai faifai biyu ne, wato farantan ƙarfe masu juyi da ke watsa takin, kowane ɓangare kilo 16. Sai ka kashe tarakta, ka cire faifai ɗaya kamar yadda littafin injin ya nuna, ka rataya bokiti a ƙarƙashin ƙofar, ka tayar, ka buɗe na daƙiƙa 30. Sikeli ya nuna kilo 8. In bai nuna ba, ka matsa hannun ka sake. Ka gwada ɗaya ɓangaren ma, domin sau da yawa ƙofofin biyu ba sa buɗewa daidai, musamman a tsohon inji da sandunansa suka yi sako-sako.

Daga nan sai maganar gudu, inda direbobi suka fi kwafsawa. A injin da ba shi da kwamfutar da ke bin gudun taya, ƙofa ba ta san ka ƙara wuta ba. Wancan saitin na kilo 200, da zarar ka koma kilomita 10 a awa, ya zama kilo 160. Kada ka dogara da agogon gudun tarakta kaɗai, taya tana sulɓewa a ƙasa mai laushi. Auna mita 100 a cikin gonar, ka bi da mazubi rabin cike: kilomita 8 a awa daƙiƙa 45 ne. Wani kuma idan yana so ya rage gudu sai ya sassauta totur. Wannan ya fi muni, saboda totur ɗin ne ke juya shaf ɗin PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya faifan injin, kuma yawancin waɗannan injina an ƙera su ne a kan juyi 540 a minti. Juyi ya ragu, faifai ya yi sanyi, taki ya tsaya kusa da bayan tarakta, gefe ya tashi a tutar babu. Totur a bar shi wuri ɗaya, gudu a neme shi da giya.

Zaman injin a bayan tarakta ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Ana ɗaura shi babu komai a ciki, a duba da ido, a ce ya yi. Da an zuba taki tayoyin baya sun ɗan zauna, tsayin ya sauka. Tsayin faifai a auna shi da tef a cikin gona bayan an yi lodi, kuma idan shuka ta tasa, daga kan shukar ake aunawa. Hannayen ɗagawa biyu su daidaita, iskar tayoyin baya ta zama ɗaya, a ɗaure sarƙoƙin gefe don kada injin ya riƙa lilo. Sandar sama da ta haɗa injin da tarakta ita ke karkata shi gaba ko baya, kuma 'yar karkata kaɗan ta isa ta sauya nisan da ƙwaya za ta faɗa. Idan gaban tarakta ya fara sauƙi, a sa masa ƙarafan nauyi, sitiyari ba ya jin magana in tayoyin gaba ba su kama ƙasa ba.

Sa yatsa ka shafa cikin fikafikan da ke kan faifai, inji a kashe. In ka ji kwari-kwari ko gefen ya cinye, a sauya su duka tare. Bayan wanki kuma a lura, faifan dama da na hagu ba a musanya su.

Abin da bokiti ba zai gaya maka ba shi ne yadda takin ya rabu a ƙasa. Kilo zai iya cika cif a hekta alhali rabin gona ya ƙoshi rabi yana yunwa. Nan ne gwajin faranti yake da amfani: a jera farantai masu girma ɗaya a faɗin hanyar, zai fi kyau masu raga a ciki don kada ƙwaya ta yi tsalle ta fita, a wuce a dawo ta layin da ke kusa, sannan a juye na kowanne a kwalba siririya a jera su. Ido zai nuna maka inda ya tara da inda ya rame. Dole a yi zuwa da dawowar, domin injin faifai yana zuba da yawa a tsakiya ya rage a gefe, layi na gaba ne ke cike giɓin. Shi ya sa tazarar layi ba abin kintace ba ce. A kafa tuta ko a bi GPS. Mita 13 a maimakon 12 ta mai da kilo 200 kusan 185, ga kuma giɓi a tsakanin layuka.

A ƙarshen layi inda ake shan kwana, mutane suna buɗe ƙofa da zarar sun miƙe. Takin baya yake faɗawa, kan wurin da aka riga aka zuba, sai shukar wurin ta yi tsayi ta kwanta. A ɗan shiga gona tukuna. Kusa da rafi ko gonar maƙwabci a yi amfani da saitin iyaka in injin yana da shi. Ranar iska mai ƙarfi kuwa a haƙura, musamman da yuriya da ba ta da nauyi.

Ragar da ke cikin mazubi kada a cire ta don lodi ya yi sauri, dunƙule ɗaya ya isa ya toshe ƙofa ka yi layi uku ba ka sani ba. Kada kuma a bar PTO yana juyi ƙofa a rufe, abin motsa takin zai niƙe shi ya zama gari. In an tashi aiki a juye ragowar, a wanke, a bari ya bushe, a sa giris, a shafa mai a ƙofofi. Takin da ya kwana a ciki yana jan laima, da safe ka tarar ya daskare a bakin ƙofa, tsatsa kuma ta fara cin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.